Baƙon da Ya Zama Ɗan Gida: Tarihin Cutar MS

A littattafanmu, da zarar ƙafar jaruma ta mutu ko ganinta ya dushe, sai mu ɗora wa kishiya ko aljani. Makon nan ga tarihin da ya fi wannan ban mamaki.

A 1868, a Paris, likita Jean-Martin Charcot ya bayyana cutar da yau ake kira MS. Garkuwar jiki ce ke cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar ɓera ya gwaguye robar wayar lantarki, sai saƙo ya kasa isa hannu da ƙafa. Aka fi shekara 100 ana neman mai tayar da ita.

A 1989 wani Bafaranshe, Hervé Perron, ya ga alamar bairos a ƙwayoyin jikin wani mai cutar. Da aka bi sawu, ashe dangin bairos ɗin, HERV-W, a rubuce suke cikin ƙwayoyin gadonmu. Tun zamani mai nisa suka shiga ƙwai da maniyyi, aka yi ta haihuwa da su. Kusan kashi 8 cikin 100 na gadon kowannenmu irin wannan saura ne, yawanci a kwance. Ba duka ne sharri ba: a 2000 aka gano ɗaya daga cikinsu na taimakawa wajen gina mabiyiya.

To wa ke tashin mai barci? An fi zargin bairos ɗin Epstein-Barr, wanda aka gano a 1964 cikin ciwon dajin muƙamuƙin yara da Denis Burkitt ya bayyana a Kampala a 1958. A 2022 masanan Harvard suka bi bayanan sojojin Amurka sama da miliyan 10, suka ga kamuwa da shi na ninka haɗarin MS sau 32. A ɗakin gwaji kuma an ga yana tayar da HERV-W.

Nan ƙullin labarin yake. Kusan kowane baligi a duniya na ɗauke da Epstein-Barr, har masunta da manoman Yawuri, Ngaski da Shanga, amma MS ta fi yawa a arewacin Turai, nan kuwa da wuya a ji ta. Ana danganta hakan da hasken rana da kamuwa tun ana ƙanana. Mu dai muna ƙarawa da cewa na'urar MRI da ake tabbatar da cutar da ita sai manyan birane, kuma matar da ƙafarta ta mutu a ƙauyen bakin tafkin Kainji ba lallai ta kai can ba.