Kula da injin jirgin ruwa a tafkin Kainji

Kula da injin jirgin ruwa shi ne aikin dubawa da sabis da ƙananan gyare-gyare da mai jirgi ko matuƙi ke yi wa injinsa da kansa, ba tare da ya kai wa makaniki ba. A garuruwan bakin tafkin Kainji, kamar Yawuri da Wara hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi, wannan sani yana cikin sana'ar tuƙi da ta su, domin idan inji ya mutu a tsakiyar ruwa babu gefen hanya da za a tsaya a jira taimako.

Asali

Tafkin ya samu ne bayan kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Neja a shekarar 1968. Tsawonsa ya haura kilomita 130, kuma ruwansa ya shanye tsibirai da gonaki da ƙauyuka, har aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni. Gungawa da Lopawa da Kambari da Sarkawa da Hausawa da suka saba da kwale-kwale da filafili sai suka tarar da ruwa mai faɗi, wanda ketare shi da kaya ranar kasuwa yake buƙatar inji.

Injin da ake ɗaurawa a bayan jirgi ya yaɗu a duniya bayan wanda Ole Evinrude ya ƙera a Amurka a 1909. Kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da nasa na farko a 1960, kuma samfurinsa na Enduro yana cikin waɗanda aka fi gani a ruwayen Najeriya. Masunta sun fi amfani da ƙanana, kamar mai ƙarfin doki 15, jiragen fasinja da na kaya kuwa suna ɗaukar mai doki 40 ko 75.

Yadda injin yake

Yawancin waɗannan injuna masu bugu biyu ne, wato ba su da wurin zuba baƙin mai daban kamar na mota. Ana gauraya man ne da fetur, kuma wannan haɗin shi ke shafe fistin da sauran ƙarafa. Ba su da lagireto. Wata ƙaramar fanka ta roba da ke ƙafar injin ita ke zuƙo ruwan tafki, ya zagaya ya sanyaya shi, sannan ya fita ta wani ɗan rami a gefe. A can ƙasa akwai giya da farfela.

Ayyukan da mai jirgi ke yi da kansa

*Haɗa mai.* Ma'aunin da aka fi bayarwa shi ne kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, wato rabin lita a cikin lita 25. Sabon inji a awanni goma na farko yana buƙatar ninkin haka. Idan man ya yi kaɗan, fistin zai ɗauki zafi ya kama. Idan ya yi yawa, hayaƙi zai ƙaru kuma fulogi ya yi baƙi. Man da ya dace shi ne wanda aka yi domin inji mai bugu biyu, ba na mota ba.

*Tace fetur.* Fetur ɗin jarka yakan zo da ruwa ko ƙasa, su kuma su toshe kafireta. Alamar ita ce inji ya tashi ya mutu, ko ya ƙi ja idan an ba shi wuta. Ana tace man kafin a zuba, a wanke matatar, a duba tiyo ko ya tsage.

*Fulogi.* Launinsa yana nuna lafiyar inji. Ruwan ƙasa alama ce ta ƙonewa daidai, baƙi mai maiƙo na nuna mai ya yi yawa, fari kuwa na nuna zafi.

*Ruwan sanyaya.* Da zarar an tayar da inji, matuƙi yakan duba ko ruwa na tsartuwa daga ramin gefe. Idan babu, sai a kashe nan take a duba ko leda ko ciyawa ko yashi ya toshe mashigar. Ba a tayar da inji a tudu, domin fankar roba takan lalace cikin ɗan lokaci idan ta juya a bushe.

*Man giya da farfela.* Ana canza man giya bayan aikin awa 100 ko wata shida. Idan ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga. Sau da yawa zaren koma ko na ƙugiya ne ke naɗewa a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa, shi ya sa ake cire farfelar lokaci-lokaci a warware zaren, a shafa giris.

Kayan da ba a rabuwa da su a jirgi sun haɗa da sifanar fulogi, filaya, sukundireba, fulogi na ajiya, igiyar tayar da inji da filafili.

Yanayin tafkin

Ruwan Kainji yana hawa da sauka da mitoci da dama a kowace shekara. Idan ya ja baya a ƙarshen rani, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye da tudun yashi sukan matso kusa da sama, su lanƙwasa farfela ko su fasa giya. Da damina kuma ruwan yakan zo da laka da ciyayi, ga iskar hadari da ke tayar da igiyar ruwa. Injin da ya faɗa ruwa ana cire masa fulogi, a ja igiya har ruwan ya fita, a zuba mai, a tayar da shi da wuri kafin tsatsa ta kama.

Iyakar gyaran kai

Garambawul, kamar canza fistin da zobbansa, buɗe giya ko gyaran wayoyin wuta, aikin makaniki ne mai kayan aiki. Tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin tafiyar da jirgi ya ƙaru, abin da kan sa a rage mai a haɗi ko a jinkirta sabis. Ƙarshen hakan yakan zama gyaran da ya fi tsada.

Tsaro

Lafiyar inji kaɗai ba ta hana haɗari. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa Wara ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse, kimanin 20 kawai suka tsira, kuma jami'ai sun danganta abin da lodi fiye da kima. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare da wuce kima a lodi, ta kuma wajabta wa kowane fasinja sanya rigar kariya.