Yadda Nazarin Al'amuran Mata Ya Shiga Jami'o'in Nijeriya

Nazarin al'amuran mata, wato fagen ilimin da ke bincikar matsayin mata a tarihi da tattalin arziki da adabi da shari'a, ya fara samun gurbi a manhajar jami'a ne a Amurka, inda Kwalejin Jihar San Diego ta buɗe tsararren shiri na farko a 1970. A Nijeriya kuwa, ta gefe ya shigo, ta hanyar tarukan ƙara wa juna sani da ƙananan cibiyoyin bincike, tun kafin hukumomin jami'o'i su amince da shi a matsayin darasin da ake bayar da digiri a kansa.

Zariya ce ta fara zama dandalinsa, domin a Jami'ar Ahmadu Bello aka yi taron 1982 wanda ya haifar da ƙungiyar WIN, wato Mata a Nijeriya, wadda cikin jagororinta har da Ayesha Imam. Ƙungiyar ta taso ne a lokacin da aƙidar gurguzu ke tashe a tsangayar nazarin zamantakewa ta jami'ar, shi ya sa ta ɗaure matsalar mata da matsalar rabon arziki tsakanin masu hali da talakawa, ta kuma buɗe ƙofarta ga maza, abin da ya bambanta ta da ƙungiyoyin matan manya na wancan zamani. A Ibadan salon ya sha bamban, domin masaniyar tarihi Bolanle Awe, wadda ta jagoranci kafa cibiyar bincike da adana bayanai kan mata ta WORDOC a 1987, ta fi mayar da hankali ga tattara takardu da adana su, bisa fahimtar cewa ba a koyar da abin da ba shi da madogara a rubuce.

Sai dai fagen ya yi rashin sa'ar lokaci, saboda haihuwarsa ta zo daidai da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, wanda ya bar jami'o'i cikin ƙuncin kuɗi, har ya zamana akasarin binciken ya dogara ga tallafin ƙasashen waje, kuma sanannen abu ne cewa mai bayar da kuɗi yakan sa baki a zaɓen abin da za a bincika. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Yuganda ta sha gaban Nijeriya, inda Jami'ar Makerere ta kafa cikakken sashe a 1991.

A shekarun 1990 aka karkata daga “mata” zuwa “jinsi”, kalmar da a nan take nufin rabon ayyuka da matsayin da al'umma ke ɗora wa namiji da mace, saɓanin bambancin halitta. Masana irin su Ifi Amadiume da Oyeronke Oyewumi sun ƙalubalanci ɗaukar ma'aunin Turai a auna Afirka da shi, suna kafa hujja da al'adun Ibo da Yarabawa. A Arewa, inda mutane da dama ke yi wa fagen kallon baƙon abu, hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga tarihin gida, musamman bayan da Jean Boyd ta wallafa tarihin Nana Asma'u a 1989, wanda ya bayyana tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata masu jagora, waɗanda ake kiran kowaccensu jaji, suke kai karatu ga matan karkara a Daular Sakkwato tun ƙarni na 19.