Daga buɗe ƙoƙon kai zuwa bin jijiya

A Gwarzo ko Kabo, idan ciwon kai ya sare mutum farat ɗaya, ga amai ga sanƙarewar wuya, akan fara zargin sanƙarau ko iska. Wani lokaci kuwa jijiyar jini ce ta fashe a gindin ƙwaƙwalwa, inda bangonta ya yi rauni ya kumbura kamar tsohon tiyub ɗin keke. Hawan jini da shan taba na taimaka wa abin. Irin wannan mara lafiya sai an garzaya da shi Kano, Asibitin Malam Aminu Kano, a ɗauki hoton kansa.

Da can babban magani shi ne a buɗe ƙoƙon kai. A 1937 Walter Dandy ya maƙale wuyan kumburin da ɗan ƙarfen azurfa a Baltimore ta Amurka, aka kuma bi wannan hanya shekara da shekaru. Lokacin da Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan a 1962, ita ce ke tashe.

Amma tun 1927 Egas Moniz na Fotugal ya nuna ana iya ɗaukar hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa, a 1953 kuma Seldinger na Suwidin ya sauƙaƙa zura siririn bututu cikin jijiya. To, me zai hana a iske kumburin ta ciki? Serbinenko na Mosko ya gwada da 'yan balan-balan, ya wallafa sakamakon a 1974. Sai dai balan-balan ba ta cika dacewa da siffar kumburin ba.

Wanda ya warware matsalar shi ne Guido Guglielmi, ɗan Italiya, a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles. Shi niyyarsa ya daskarar da jinin cikin kumburin da wutar lantarki ta wata wayar ƙarfe; sai ya lura wutar na cinye bakin wayar. Abin da wani zai kira ɓarna, shi ya mai da shi dabara. Ya liƙa lallausan zaren filatinam a bakin wayar, a tura ta gindin cinya har ƙwaƙwalwa, zaren ya nannaɗe cikin kumburin. In bai zauna daidai ba a janye, in ya zauna a saki wuta ya tsinke. An fara yi wa mutum a 1990, Amurka ta amince a 1995.

A 2002 binciken ISAT kan mutum 2,143 ya nuna bayan shekara guda, waɗanda suka rasu ko suka nakasa kusan kashi 24 cikin ɗari ne ta hanyar zare, kusan 31 ta tiyata.

Saura kumburi mai faɗin wuya, wanda zaren ke zamewa daga cikinsa. Shi aka yi wa sitent, 'yar ragar ƙarfe da ke tokare zaren. A 2011 Amurka ta amince da Pipeline, raga mai matsattsiyar saƙa da ke karkatar da jinin gaba ɗaya. Sharaɗinta, mara lafiya ya yi watanni yana shan asfirin da wani maganin hana daskarewar jini, shi ya sa likitoci ke ɗari-ɗari da ita idan kumburin ya riga ya fashe.