Rumbun Bayanai da Dillalinsa

Idan mai POS a Sukuntuni ko kasuwar Kankiya ya danna lambobi, saƙonsa ba ya zarcewa kai tsaye zuwa rumbun bayanan banki. Sai ya fara yada zango a wata manhaja ta tsakiya, mai aikin dillanci: ta tantance mai buƙata, ta duba ƙa'ida, sannan ta ƙwanƙwasa ƙofar rumbu. Fiye da shekara 30 ke nan masana manhaja na jayayya kan inda ya kamata ƙa'idar ta zauna, a cikin rumbun ko a hannun dillalin.

Da fari rumbu ne ke da rinjaye. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Sybase ya yi fice wajen barin a ajiye umarni a cikin rumbu, kuma a 1992 Oracle 7 ya kawo irin wannan da harshen PL/SQL. Bankuna suka rungume shi hannu bibbiyu. Har yau Flexcube, wadda wasu bankunan Najeriya ke aiki da ita, na ɗauke da ɗimbin ƙa'idodinta a wannan harshe.

Zuwan intanet ya sauya lissafi. Aiki ya koma zangon tsakiya, inda ake rubutu da Java, sai masu rumbu suka bi sawu. A 1999 Oracle ta dasa Java a cikin rumbunta. A 2005 Microsoft ta buɗe wa C# ƙofa a SQL Server, kodayake ta fitar da damar a kulle, sai wanda ya ga dama ya kunna.

Jama'a ba su yi tururuwa ba, kuma dalilinsu ya fi na fasaha kama da na kasuwa. Lasisin Oracle yana ƙaruwa ne da yawan ƙwaƙwalwar injin, alhali ƙara kwamfutoci masu arha a tsakiya abu ne mai sauƙi. Wanda kuma ya zuba dukkan ƙa'idodinsa a rumbun kamfani ɗaya ya ɗaure kansa, ranar ƙaura sai ya sake rubutu daga tushe. Gwada umarnin da ke binne a rumbu ma wahala ce.

Abin da ya amfani masu aikin tsakiya ya zo ba da gangami ba. PostgreSQL ya karɓi tsarin JSON a 2012, ya inganta shi a 2014, sai rumbu ya fara fahimtar siffar da manhajoji ke musayar bayani da ita, aikin juye-juye ya ragu.

Amma akwai ƙa'idar da dillali bai isa ya riƙe shi kaɗai ba. Idan sadarwa ta yanke, mai POS ya sake dannawa, saƙo biyu na iya faɗawa hannun kwamfutoci biyu da ba su san da juna ba. Rumbu ne kaɗai ke ganin su duka, shi ne kuma zai iya ƙin cire kuɗin sau biyu.