Labarin Satar Kan Jirgin Ƙasa a Yaƙin Basasar Amurka

A shekarar 1862, sa'ad da mutanen Arewa da na Kudu na Amurka ke gwabza yaƙi, wani ɗan leƙen asiri na Arewa, James Andrews, ya ƙulla wata dabara. Akwai hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa Jojiya daga Atlanta zuwa Chattanooga, ta nan Kudu ke kai soja da guzuri. Nufinsa ya sace kan jirgi ya yi arewa da shi, yana tafe yana tsinke wayar tangarafu, yana ƙone gadoji, don Janar Mitchel ya sami Chattanooga ba mataimaki.

Ruwan sama ya sa ya ɗaga aikin da kwana guda. Ran 12 ga Afrilu da sassafe, jirgi ya tsaya a Big Shanty don a karya kumallo, tashar kuwa ba ta da waya. Sai Andrews da mutum 19 cikin kayan farar hula suka kwance taragun fasinja, suka ja kan jirgin, mai suna General, da taragu uku.

To, a nan ne lissafinsu ya ɓaci. Gadin jirgin, William Fuller, ba soja ba ne, ma'aikaci ne aka ɗauke masa abin da aka damƙa masa. Sai ya zabura da ƙafa, shi da mutum biyu, suka bi dogo. Can suka sami ɗan amalanken masu gyaran hanya suka yi ta turawa, har suka tarad da wani ƙaramin kan jirgi a Etowah. Andrews ya gan shi da ya zo wucewa, amma bai tsaya ya lalata shi ba, kuma a ganina wannan sakaci shi ya ci su. A Kingston kuwa, da yake dogon ɗaya ne, ya yi zaman jiran jiragen da ke gangarowa fiye da sa'a guda, yana ce wa ma'aikata albarushi zai kai wa Janar Beauregard.

Inda aka cire dogo sai Fuller ya sauka ya sāke sa gudu, har ya tare wani kan jirgi, Texas, ya bi su da shi da baya da baya. Bai ba su sararin ɓarna ba, katakon gadoji kuma ya jiƙe, wuta ta ƙi ci. Bayan mil 87 itacensu ya ƙare kusa da Ringgold, suka watse cikin daji, duk aka kame su.

A gaban shari'a tufafin nan ne suka kā da su, gama sojan da aka kama ba kaki, hukuncin ɗan leƙen asiri ake yi masa. Aka rataye Andrews ran 7 ga Yuni, waɗansu bakwai ran 18. Takwas suka tsere daga kurkuku. Shida aka yi musayarsu a 1863, su ne aka fara ba lambar girma mafi daraja ta sojan Amurka. Andrews kam ba a ba shi ba, domin shi farar hula ne.