Gùdānā̀

gùdānā̀ *sn., mc.*; ba ta da jm.; daga fi. gùdānà.

1. Tafiyar ruwa daga tudu zuwa gangare: *~r kogi*.

2. Aukuwar al'amari: *ana cikin ~r taro*.

3. *kim.* Motsin duk abin da ba shi da tsayayyar siffa, kamar ruwa, mai ko iska, wanda injiniyoyi ke auna shi da ƙa'idoji uku:

(a) *ƙa'idar ɗorewa*: abin da ya shiga bututu shi ne zai fita, saboda haka inda bututun ya tsuke sai saurin ruwan ya ƙaru; A₁V₁ = A₂V₂, inda A take faɗin bakin bututu, V kuma sauri.

(b) *ƙa'idar Bernoulli* (1738): a ruwan da ba shi da danƙo, jimillar kuzarin matsi da na sauri da na tsayi ba ta canzawa a kan layin tafiyarsa, don haka in sauri ya ƙaru a tsayi ɗaya, matsi yakan ragu.

(c) *lissafin Navier da Stokes* (1822, 1845): dokar motsi ta biyu ta Newton ce aka ɗora wa ruwa, aka haɗa da danƙo, wato gogayyar da ke tsakanin sassan ruwan; wannan lissafi shi ne mafi cika, kuma har yau ba a warware shi gaba ɗaya ba.

*~ mai natsuwa*: wadda ruwa ke tafiya shimfiɗa-shimfiɗa. *~ mai hargitsi*: wadda yake juyi yana cakuɗewa. Wani ma'auni da ake kira lambar Reynolds ne ke bambance waɗannan biyun.

*Dangi:* gudānar dà *fi.*, magudānā *sn., mc.*, jm. màgùdā̀nai. *Dubi:* kwarara, malala.