Zhaodi: Sunan 'Ya Mace Mai Kiran Ƙane

A ƙasar Sin, musamman karkara, an daɗe ana raɗa wa 'ya mace suna Zhaodi. "Zhao" na nufin yafitowa, "di" kuwa ƙane namiji. Wato roƙo ne iyaye suka rataya wa yarinya, ko haihuwa ta gaba ta zo da namiji. Bisa koyarwar Konfushiyas, ɗa namiji ke riƙe sunan zuriya da hidimar kakanni, mace kuwa ta gidan miji ce. Wasu iyayen, don sakayawa, sukan rubuta "di" da harafi mai alamar mace, alhali lafazin bai sauya ba.

Bahaushe na da Kande da Tanko, sai dai su labarin waɗanda aka riga aka haifa suke bayarwa. Zhaodi kuwa wanda bai zo ba take jira, kuma a nan ne, a ganina, nauyin sunan yake.

Chen Zhaodi, wadda ta ci Kofin Duniya na ƙwallon raga da tawagar matan Sin a 1981, da wannan suna ta kai muƙamin manjo-janar. Amma tun da sabon kundin dokokin hulɗar jama'a ya fara aiki a 2021, mata da dama sun je wurin hukuma sun sauya shi.